Sauka-sannu da Kazar Mai Gari

Ilimin farko da aka ba ɗan Adam shi ne suna. Kafin a koya wa kakanmu Annabi Adamu riƙon fartanya, sai da aka sanar da shi sunayen abubuwa dukansu, kuma da wannan aka fifita shi a kan mala'iku. Saboda haka nake cewa, na kuwa tsufa ina faɗi, duk garin da ya yi sakaci wajen raɗa wa abu suna ya kwance igiyar da aka ɗaure duniya da ita. Na ga harin Maraɗawa, na ga shekarar fara, na ga an gudu an bar tuwo a kan murhu. Amma zaluncin da har yau ban manta ba, an yi shi ne a kan wani ɗan ƙadangare da bai kai tsawon yatsana na tsakiya ba, in aka cire wutsiya.

Mu biyu mahaifinmu ya bari, a wani ɗan gari da ke gefen Tsiga. Ba zan ambaci sunan garin ba, don jikokin mutanen suna nan, kuma ba su suka yi ba. Ni aka tura karatu, na yi Zazzau, na yi Katsina, na dawo na zauna a Ƙarfi ina karantar da magidanta. Yayana aka bar wa kurmi. Akwai wani rafi a kudu da garin wanda ba ya ƙafewa ko da rani, itatuwa sun rufe shi har rana ba ta kai ƙasa sai a ɗigo. Nan yake da amyoyinsa na ƙudan zuma, waɗanda yake saƙawa da ciyawa, ya shafe su da kashin shanu, ya turara, ya ɗaura a kan ɗorawa da maɗaci. Ba ya noma sai ɗan abin da za a ci. Zuma ce gonarsa. A kasuwar Danja ba a tambayar zumar wane ce mai kyau, ana tambaya ne ko ya iso. Duk takardar da na taɓa rubutu a kanta ina ɗalibi, ƙudan zumarsa ne suka saya mini.

Wata bazara, lokacin da ɗorawa ta nuna, mata suka shiga kurmin tsinko. Suna ƙarƙashin wata bishiya sai wani abu ya rabo da reshen sama, ya ratsa sarari a karkace kamar an jefa ganye, ya sauka a bayan amya, ya maƙale. Wata tsohuwa ta ɗaga kai ta ga abu shimfiɗaɗɗe manne da amya, ta ce, "Wayyo, tsaka!" Shi ke nan. Ba ta yi shawara da kowa ba, ba ta duba littafi ba, ba a yanka rago ba, amma suna ya raɗu. Kafin azahar ya kai bakin rijiya, kafin kasuwa ta ci ya riga yayana isa Danja: tsaka mai tashi tana kwana a amyoyin wane.

Kowa ya san matsayin tsaka a wurinmu. Ita ce aka ce ta hura wutar da aka jefa Annabi Ibrahim, akwai lada a kashe ta, kuma mutane sun gaskata cewa in ta faɗa abinci aka ci, kuturta ce. Ta bango ma haka ake tsoronta, balle wadda aka ce ta samu fikafikai. Kasuwa biyu yayana ya kai zuma ya dawo da ita bakin goruna a toshe yadda ya je da su.

Sai ga shi a Ƙarfi da hantsi, ƙafa duk ƙura. Na tashi na karɓi sandarsa, na ce, "Yaya, lafiya? Da ka aiko ai da na zo."

Bai zauna ba. Ya dire gorar zuma a gabana, a kan buzun karatu, ya ce, "Malam, sha."

Ba ya ce mini Malam sai in ya zo da faɗa. Na lakata na sha.

"To, ka kuturce," in ji shi. "Nan da shekara bakwai yatsunka za su zube, haka mutanen Danja suka ce. Kafin su zube ina so ka yi mini aiki da su. An ce ka san sunan zaki da Larabci har kashi nawa?"

Na ce masa sun fi hamsin.

"Ka taɓa ganin zaki?"

Na ce ban taɓa ba.

"Madalla. To ga wani abu a kurmina, yana nan ana ganinsa, ba shi da suna ko ɗaya sai na ƙarya. Ka ranta masa guda daga cikin na zakin."

Washegari na bi shi. Kwana shida na yi ina zuwa kurmin da safe, in zauna a gindin maɗaci har rana ta karkata. A rana ta biyu na gan shi, kuma ina roƙon duk mai karanta wannan ya lura, don ban sami wanda ya yarda ya saurari wannan bayanin har ƙarshe ba a lokacin da yake da amfani.

Baƙi ne wuluk, da zane-zane masu ruwan ƙwai a tsaye daga kai zuwa ƙugu. Wutsiyarsa shuɗiya ce kamar zanen da aka tsamo daga marina, gefenta da haƙora irin na zarto. Ba shi da fiffike ko alama. In zai bar bishiya sai ya buɗe haƙarƙarinsa, jikin ya baje ya zama kamar faifai, ya saki kansa. Ba ya hawa sama ko taƙi ɗaya, kullum ƙasa-ƙasa yake yi har ya kama kututturen bishiyar gaba, sannan ya haura da ƙafa kamar kowane ƙadangare. Faɗowa yake yi, sai dai faɗowa ce ta mai ladabi. Da rana yake fita, yana son zafi, alhali tsaka 'yar duhu ce. Yana ƙifta ido, tsaka kuwa ba ta da fatar ido, da harshe take lashe nata. Yatsunsa sirara ne masu farce, ba masu faɗin kai irin na tsaka ba. Abincinsa tururuwa da kiyashi, waɗanda su ne maƙiyan amya na gaske. Ban ga ya leƙa bakin amya ba ko sau ɗaya, kuma ba na jin ƙudan zuma za su yi masa maraba. Ba tsaka ba ne, ba kulɓa ba, ba hawainiya ba. Ɗan gidan ƙadangare ne, ƙanin kiski, wanda Allah ya ba wata dabara ta gajarta hanya.

Na ce, "Yaya, tun yaushe kake ganinsa?"

"Tun Baba na da rai."

"Me kake ce masa?"

"Ba na ce masa komai. Bai kira ni ba, ban kira shi ba."

Ni na raɗa masa suna a gindin maɗacin nan, na ce sauka-sannu, don wannan ce sana'arsa. Yayana ya ce sunan bai yi kama da na zaki ba, amma in zai sayar da zuma ya karɓa.

Mai gari ya yarda a yi zama a zaurensa ranar Alhamis bayan hantsi, don maganar ta fara taɓa kasuwar garin, har masu daddawa an fara tambayarsu daga wace ɗorawa suka samo kalwa. Ya ce a kawo abin a gani. Nan muka yi kuskurenmu, ni da yayana, kuma ba zan ɗora wa wani ba. Tun ranar Litinin muka kama guda. Da danƙo muka kama shi, irin wanda ake shafa wa kara a kama tsuntsu, don ba mu san wata hanyar kama abin da ke bin iska ba. Muka ɓanɓare shi daga karan, muka jefa a gora, muka toshe da ganye. Ban duba cikinsa ba. Ni da na ƙirga masa yatsu daga nesa, ban duba cikinsa ba da yake a hannuna.

A zauren, ban da mai gari da masu cika wuri, mutum biyu ne ke da baki. Na farko liman, dattijo ne da ya yi karatu tare da malamin malamina, idonsa ya fara hazo, kuma shekara talatin ba a taɓa ce masa a'a ba a garin. Na biyu wani alhaji, shi kaɗai ne ya taɓa zuwa Makka a duk yankin, ya yi shekara tara a hanya, ya dawo da wata cuta: ba abin da za ka nuna masa bai ga wanda ya fi shi girma ba.

Mai gari ya buɗe da cewa lamarin ya zame masa ƙadangaren bakin tulu, aka yi dariya don a faranta masa. Sannan aka ce in yi bayani. Na durƙusa, na fara daga fatar ido. Ban kai ga yatsu ba liman ya ɗaga hannu.

"Ɗana, abin nan yana tashi ko ba ya tashi?"

"Allah gafarta Malam, yana ratsa sarari, amma..."

"To ya tashi ke nan. Mai tashi tsuntsu ne, ko jemage, ko ƙwaro. Yana da gashi?"

"Ba shi da shi, Allah gafarta Malam."

"Yana da baki irin na tsuntsu?"

"A'a."

"To ba tsuntsu ba ne. Ƙadangare kuwa ba ya tashi, ban gani a littafi ba. Abin da ba tsuntsu ba, ba ƙadangare ba, yana manne da abu a shimfiɗe, me ya rage?"

Wani daga baya ya ce, "Tsaka!" Aka ce, "Allahu akbar, ilimi kogi."

Na ce, "Haka ne, Allah gafarta Malam, sai dai ita ma tsakar ba a gani a littafi tana tashi ba."

Kowa ya juyo ya dube ni. A garinmu ƙaramin malami ba ya kayar da babba a gaban jama'a. Yana iya cewa "haka ne, sai dai" har sau bakwai, amma "haka ne" ɗin ake ji, "sai dai" ɗin kuwa a ɗauke shi a matsayin tari. Liman ya yi murmushi irin na wanda jikansa ya ja masa gemu, ya ce, "Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Na so in ce ni maɗaci na zauna ƙarƙashinsa kwana shida, shi kuwa bai taɓa taka kurmin ba. Na haɗiye. Na miƙa gorar, na ce, "Ga shi nan, Allah gafarta Malam, gani ya kori ji." Ya janye rigarsa, ya ce a matsar da ita, yana da alwala.

Alhaji ya karɓe magana. Ya ce shi ya san abin nan sarai, ya gan shi a hanyar Masar, amma na can ya kai jaki, yana sauka a kan raƙumi raƙumin ya durƙusa. Ya ce Larabawa suna da sunansa, yana bakinsa yanzun nan, zai tuna. Har Allah ya karɓi ransa bai tuna ba.

Yayana, da yake tsugune a bakin ƙofa tun da aka fara, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba malami ba ne. Ƙanena ya ce abin nan ba tashi yake ba, saukowa yake a hankali, kuma ba tsakar da ke yin haka. A hau soro a sake shi kowa ya gani. In ya tafi yadda ya ce, a sake mini zumata."

Mai gari ya ce wannan magana ce. Aka kawo tsani, aka fito fili, gari ya taru har kan katanga. Ni na hau. Na tsaya a kan soron zaure da gora a hannu, ina kallon wata tsamiya da ke tsallaken fili, na auna da ido na ga tafiya ce da ya saba yin ninkinta. Na ɗaga murya na ce kowa ya dubi haƙarƙarinsa. Na cire ganye, na juye shi a tafin hannu, na ɗaga, na saki.

Kwana uku a gora, cikin zafin bazara, ba ci ba sha, ga danƙo ya bushe ya ɗaure masa ciki da gefuna kamar an naɗe shi da ɗamara. Ya faɗo tim, kamar tsumma jiƙaƙƙe, daidai gindin tsani.

Ba wanda ya kai gare shi. Wata jar kaza ta gidan mai gari, mai ƙiba, wadda take kiwo a wurin tun safe ba ruwanta da ilimi, ta taka sau uku, ta tsince shi, ta ɗaga wuya. Na ga shuɗiyar wutsiyar tana motsi a bakinta, sannan ban ƙara gani ba. An ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. A garinmu kaza ce ta ci albarkacin ƙadangare, ta haɗa da shi kansa.

Ina saukowa daga tsani na ji an koma zaure da sauri, na ɗauka maganar zuma za a ƙarasa. Ashe wata mas'ala ce ta taso wadda ta fi ta gaggawa. Mai gari ya damu ƙwarai. Kazar nan yana ji da ita, ita yake tanadi don baƙi, yanzu ga shi ta haɗiye abin da aka ce tsaka ne a gaban gari duka. Ta halatta ko ta haramta?

Ban taɓa ganin ilimi ya yi gudu irin na ranar ba. Liman da idonsa ya fara hazo, ya sa aka ɗauko gafakarsa, ya buɗe daidai wurin ba lalube. Ya ce wannan ita ce dabbar da malamai suke kira jallala, wato mai cin ƙazanta. Ya kawo zancen masu sassauci, ya kawo na masu tsanantawa, ya raba tsakanin raƙumi da akuya da kaza, kowanne da kwanakinsa. Alhaji ya ce a Masar ma haka ake yi, sai dai kajin can sun kai tumaki. Kafin la'asar an yanke: a ɗaure kaza kwana uku, a ba ta dawa mai tsabta da ruwa mai tsabta, a rana ta huɗu ta tsarkaka, namanta halal, ba kuturta ba komai. Aka shafa fatiha. Mai gari ya yi ajiyar zuciya.

Yayana ya miƙe tsaye, abin da talaka ba ya yi a zauren. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ina da tambaya irin ta jahili."

"Faɗi, ɗana."

"Kazar nan ta haɗiye shi ɗungurungum, da kai da ƙafa da kashin cikinsa, an ce kwana uku ta wanku. Zumata kuwa bayan amya kawai ya taka, daga waje, tsakaninsa da saƙar zumar akwai ciyawa da kashin shanu kaurin hannu. Ita kwana nawa za a ɗaure ta?"

Wasu suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Liman ya rufe littafi, ya ɗaure igiyar gafaka a hankali, ya ce, "Kaza tana cikin littafi. Abinka kuwa shubuha ne, kuma an hore mu da barin abin da ake kokwanto. Wanda ya bar abu don Allah, Allah zai musanya masa."

"Amin," in ji yayana. "Shi mai gari ba a hore shi da barin kaza don Allah ba?"

Aka fitar da shi. Ni ina durƙushe. Ina da amsa a bakina, da hujja, da sunan babin da ke rushe maganar liman daga tushe, don ya san kamar yadda na sani cewa ba a haramta abu mai tsarki da zato. Na dubi furfurarsa, na tuna wanda ya yi karatu tare da shi, na ce, "Haka ne, Allah gafarta Malam, sai dai..." Aka ce an yi kiran salla.

A hanyar gida yayana yana gaba ina biye. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, zan rubuta. Akwai babban malami a Zazzau, in ya sa hannu ba mai musawa."

Bai waiwayo ba. Ya ce, "Rubuta. Ƙudan zuma sun iya jira, ai karatu suke yi su ma."

Na rubuta. Wannan ma sai na faɗi gaskiyarsa. Abin da ake bukata layi biyar ne: ga dabba, ga siffarta, ga tambaya. Ni kuwa na ga dama ta samu ta nuna wa Zazzau cewa ba a banza na sha ruwanta ba. Na yi gabatarwa a kan darajar suna. Na kasa masu jan ciki gida-gida, daga kada zuwa guza da damo, zuwa kiski da kulɓa da hawainiya, na ware tsaka a ɗakinta ita kaɗai, na zaunar da sauka-sannu kusa da kiski da hujja goma sha ɗaya. Na ga kamar zube bai isa ba, na mayar da rabi waƙa. Wani baiti ya ƙi zama, na yi mako ina lallashinsa. Kwana arba'in na ci, sannan na jira fataken da za su Zazzau, su kuma suka jira ruwa ya ɗauke.

A cikin kwanakin nan yayana ya yi abin da ya iya. Ya je tsakiyar kasuwar Danja da 'ya'yansa uku, ya zaunar da su, ya buɗe gora suka sha har ta ƙare, yana cewa, "Ku duba, jama'a, 'ya'yana ne, ba na riƙo ba." Aka taru aka kalla, aka ce kuturta ba ta gaggawa, sai an shekara bakwai. Wata mata ta ce Allah ya isa wa yaran. Wannan ita ce irin ƙaryar da ta fi kowace ƙarfi, wadda ta ɗaga ranar kama ta zuwa shekara bakwai. Sannan masu ɗorawa suka kai kuka cewa ana gudun kalwarsu, mai gari ya aiko dogari ya sauke amyoyi daga kurmi don hankalin jama'a ya kwanta. Yayana bai bari dogarin ya taɓa ko ɗaya ba. Shi ya hau da kansa, bishiya bishiya, ya kwance abin da ya ɗaura da hannunsa, ya tara a bakin rafi ya sa wuta. Matarsa ta gaya mini kurmin ya yi kwana biyu yana ƙanshin kaki. Samari kuma suka bi itatuwan da baka da duwatsu suna neman lada, duk abin da ya motsa a kan reshe sai sun kashe, har hawainiya ba ta tsira ba.

Amsa ta zo bayan an yi girbi. Malamin Zazzau, Allah ya jiƙansa, ya rubuta a gefen takardata ta ƙarshe, layi uku. Ya ce abin da aka siffanta ƙadangare ne, ba tsaka ba. Ya ce zumar tsarkakakkiya ce ko da tsakar ce ta taka bayan amya, kuma ya yi mamakin garin da ke da liman a ce an tsaya tambayar wannan. Ya ce sunan da na raɗa ya dace. A ƙasa ya ƙara cewa a baiti na sha tara akwai karaya.

Na kai takardar zauren mai gari da kaina. Aka karanta wa liman, ya gyaɗa kai, ya ce ai abin da yake nufi ke nan tun farko, mutane ne ba sa fahimta. Alhaji ya ce ya san malamin, sun haɗu a hanya. Mai gari ya sa mai shela ya zaga ranar kasuwa yana faɗin cewa zumar kurmi halal ce. Aka yi ta cewa madalla, madalla. Ba wanda ya tambayi ina zumar take.

Na sami yayana a bayan gida yana ɗaure wa jaki mangala. Ya shiga ayarin masu kai auduga da baban rini arewa, ɗan dako a shekarun da ya kamata a ce yana zaune ana kawo masa. Na miƙa masa takardar, na ce, "Yaya, mun yi nasara."

Ya juya ta sama da ƙasa, don bai iya karatu ba, ya shinshina, ya miƙo mini. "Ba ta ƙanshin komai," in ji shi. "Me ka ce sunan abin ma?"

"Sauka-sannu."

"To Allah ya raya."

Bai sake ɗaura amya ba har ya rasu. 'Ya'yansa uku suna nan da yatsunsu cif, babban har jika gare shi, kuma har yau in za a kwatanta gidansu a garin sai a ce gidan mai tsaka. Na koma kurmin sau da yawa, na zauna a gindin maɗacin nan tun hantsi har la'asar, ban sake ganin sauka-sannu ba ko guda. Sunan yana nan a takarda cikin gafakata, daidai, da hujja goma sha ɗaya da sa hannun Zazzau, na gyara baiti na sha tara ma. Ni kaɗai na taɓa kiran sa da shi.

Shekara talatin da wani abu ke nan ina jin haushin liman da ya ƙi leƙa gora, da alhajin da ya ga komai, da tsohuwar da ta raɗa suna da ihu, da garin da ya warware mas'alar kaza kafin la'asar ya bar ta mutum har girbi. Ina ganin na cancanci wannan haushin, kuma ban yi niyyar sauke shi ba.

Kazar kuwa an kwance ta a rana ta huɗu, aka yanka don malaman da suka yi zaman. An miƙo mini cinya, na ci.